Ƙaramar Jami'a Mai Zaman Kanta: Amfaninta ga Ɗalibi da Iyakar Amfanin



GABATARWA

Kowace shekara, da zarar hukumar shirya jarrabawar shiga jami'o'i, watau JAMB, ta fitar da sakamako, sai magana ɗaya ta shiga gidajen ma'aikata da na 'yan kasuwa: ina za a kai yaron nan? A shekarar 2024 matasa kusan miliyan biyu suka yi rajistar wannan jarrabawa, alhali kuwa guraben da ke cikin jami'o'in ƙasar nan ba su isa ɗaukar su duka ba. Uban da yake da ɗan hali yakan iske kansa a mararrabar hanya biyu. Ko dai ya tura ɗansa babbar jami'ar gwamnati, mai suna da tarihi da sauƙin kuɗi, ko kuwa ya ƙuntata wa kansa, ya sayar da fili ko ya ci bashi a wurin aiki, ya kai shi wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta. Shawara ce mai nauyi ƙwarai, domin kuɗin da za a kashe gumin shekaru ne, shekarun da yaron zai yi a can kuma ba su dawowa.

Manufar wannan lacca ita ce a auna abin da ɗalibi yake samu a irin wannan ƙaramar jami'a. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mafi yawan amfanin da ake jingina mata daga ƙanƙantarta yake fitowa, watau daga kusancin da ke tsakanin malami da ɗalibi. Zaman kan da take yi kuwa hanya ce da ke ba ta ikon tsare wannan ƙanƙanta. Ranar da mai jami'a ya yi kwaɗayin yawan ɗalibai ya saki wannan ƙa'ida, amfanin zai tafi, ya bar iyaye da tsadar kaɗai.

MA'ANAR KALMOMI

Jami'a mai zaman kanta ita ce wadda wani mutum, ko wata ƙungiyar addini, ko wata gidauniya ta kafa, kuma take tafiyar da ita da kuɗin makaranta da gudummawar masu taimako, ba da kasafin gwamnati ba. Duk da haka ba ta fita daga ƙarƙashin doka ba, domin a Nijeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita ke ba ta lasisi, ita ke tantance kwasa-kwasanta, kamar yadda take yi wa na gwamnati.

Ita kuwa kalmar "ƙarama" ba ta da wani adadi da aka yanke mata. A wannan lacca ana nufin jami'ar da ɗalibanta ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, wadda ajinta bai fi ƙarfin malami ya san sunan kowane ɗalibi, ya karanta rubutunsa da idonsa, ya kuma lura da ranar da bai zo ba. Wannan ma'auni ya fi ƙidayar kawuna amfani, domin akan sami jami'a mai ɗalibai dubu biyu wadda ta cusa ɗari huɗu daga cikinsu a kwas ɗaya mai farin jini, ta bar su da malamai uku. Irin wannan ƙarama ce a takarda, amma ɗalibin da ke cikinta a cikin taro yake.

TAƘAITACCEN TARIHI

Jami'o'i masu zaman kansu ba su samu gindin zama a Nijeriya cikin sauƙi ba. A zamanin Jamhuriya ta Biyu, Dokta Basil Ukaegbu ya kafa wata jami'ar fasaha a Jihar Imo, gwamnatin jihar ta ƙalubalance shi, maganar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1983 cewa tsarin mulki bai hana mutum kafa jami'a ba. Cikin ɗan lokaci sai jami'o'i fiye da ashirin suka ɓullo, yawancinsu ba gine-gine, ba malamai, ba littattafai. Da sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 19 ta shekarar 1984, ta rushe su baki ɗaya. Sai a 1993 Doka ta 9 ta sake buɗe ƙofa bisa sharuɗɗa, sa'an nan a watan Mayu na 1999 aka ba jami'o'i uku na farko lasisi, watau Igbinedion da ke Okada, da Babcock da ke Ilishan-Remo, da Madonna da ke Okija.

A Arewa, shekarar 2005 ita ce abin tunawa. A cikinta ne jami'ar da Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta kafa, wadda aka sani yanzu da sunan Al-Qalam, ta soma aiki. A cikinta ne aka ba Al-Hikmah ta Ilorin lasisi. A cikinta ne kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa a Yola, ta karɓi ɗalibanta na farko. Zuwa shekarar 2023 yawan jami'o'i masu zaman kansu a ƙasar ya haura 140, ya zarce na tarayya, ya zarce na jihohi. Amma da aka ƙidaya ɗalibai a 2019, waɗanda ke cikinsu duka ba su kai kashi goma cikin ɗari na ɗaliban jami'o'in ƙasar ba. Ke nan yawancinsu ƙanana ne, ko da niyya ko kuwa don tsada ta hana mutane zuwa.

AMFANI NA FARKO: MALAMI YA SAN ƊALIBINSA

Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, wannan batu ba baƙo ba ne. A makarantar zaure, inda ake karatun Ahalari da Ishmawi da Risala har zuwa Muhtasar, kowane ɗalibi yakan matso gaban malam da littafinsa, ya biya, malam ya fassara, ya gyara masa kuskure nan take, sa'an nan na bayansa ya matso. Ba a cewa wane ya yi karatu a gari kaza kawai, sai an ce a wurin wane ya ɗauka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. A Tambutu ma, Ahmad Baba ya lazimci malaminsa Muhammad Baghayogho kimanin shekara goma. Magabata sun fahimci cewa ilmi yana shiga ne ta hanyar gyara, shi kuwa gyara ba ya yiwuwa sai mai gyaran ya ga kuskuren.

Binciken zamani bai saɓa wa wannan ba. A 1984 Benjamin Bloom, masanin ilmin koyarwa na Jami'ar Chicago, ya wallafa sakamakon wasu gwaje-gwaje da aka yi a kan 'yan makaranta, inda aka kwatanta waɗanda aka koyar a aji na mutum talatin da waɗanda aka koyar ɗai-ɗai ko biyu-biyu ana bin su da gyara. Ya nuna cewa matsakaicin yaro daga cikin na biyun ya fi kashi 98 cikin ɗari na 'yan ajin farko. Masu bincike da suka biyo baya sun sami tazarar ba ta kai haka girma ba, amma sun tabbatar da cewa tana nan. Haka kuma tsofaffin jami'o'in Ingila, Oxford da Cambridge, duk da girmansu, a rarrabe suke zuwa ƙananan kwalejoji, inda ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku sukan zauna da malami kowane mako a tattauna rubutun da suka yi.

To, yaya abin yake a manyan jami'o'in ƙasar nan? Ƙa'idar NUC ta daɗe da cewa a fannonin adabi da zamantakewa malami ɗaya ya riƙe ɗalibai talatin, a fannin likita kuwa goma. Amma kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar cewa a wasu daga cikinsu malami ɗaya yana fuskantar ɗalibai fiye da ɗari. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin lacca na 'yan shekarar farko ya san ma'anar wannan adadi: na gaba suna ji, na tsakiya suna kwafa daga na gaba, na baya suna tsaye a bakin taga. Malamin da aka tara wa takardun jarrabawa ɗari bakwai, aka ba shi mako biyu, ba zai iya rubuta wa kowa dalilin makin da ya ba shi ba. Wannan ba laifin malamin ba ne, lissafi ne kawai. Sakamakonsa shi ne ɗalibi ya yi shekara huɗu bai taɓa jin inda hujjarsa ta yi rauni ba, ya fito da takardar shaida, amma rubuta wasiƙar ofis mai shafi ɗaya ta gagare shi. Manyan ma'aikata da ke zaune a nan sun fi kowa sanin wannan, domin su ake kai wa irin waɗannan wasiƙu su sa hannu.

A aji na mutum ashirin ko talatin abin ya bambanta. Malami yana iya ba da aikin rubutu kowane mako biyu, ya mayar da shi da jan biro a jiki. Yana iya jefa tambaya ga wanda ya ɓuya a kusurwa. Yarinyar da kunya ta hana ta ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyar tana iya magana a gaban ashirin. Ɗalibin da ya fito daga makarantar sakandare ta ƙauye da raunin Turanci ko lissafi, ana gane shi a wata na farko, tun ana iya taimakonsa, ba sai ya faɗi jarrabawa sau biyu an kore shi ba. Bugu da ƙari, ranar da ɗalibi ya nemi takardar yabo domin ƙaro karatu ko neman aiki, malamin da ya san shi zai rubuta abin da ya gani da idonsa, mai karantawa kuma yakan gane bambancin irin wannan takarda da wadda aka cike suna kawai.

Tarihin Afirka ta Yamma yana da shaida a kan haka. Jami'ar Lincoln da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, wadda aka kafa a 1854 domin ilmantar da baƙar fata, ƙaramar makaranta ce mai zaman kanta a wancan zamani, ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne, tana cikin karkara. A can Nnamdi Azikiwe ya sami digirinsa na farko a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall, wanda ya zama baƙar fata na farko a cikin alƙalan Kotun Ƙolin Amurka a 1967. A can kuma Kwame Nkrumah ya kammala a 1939. Watau makaranta ɗaya, wadda dukan ɗalibanta ba su cika ɗakin lacca ɗaya na wata babbar jami'a ta yau ba, ta yaye shugabannin farko na Nijeriya da Gana cikin shekara goma.

Sai dai akwai abin lura a nan. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, wadda ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta gwamnati ce. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta soma da ɗalibai 104 a 1948, ta kuma yaye Chinua Achebe, ita ma ta gwamnati ce. Abin da ya haɗa su da Lincoln shi ne ƙarancin ɗalibai da kusancin malamai. Jami'o'in gwamnati sun rasa wannan ne domin nauyin da ke kansu na karɓar 'ya'yan kowa ya ƙaru, kuɗin da ake ba su bai ƙaru daidai da shi ba. Mai zaman kanta tana da ikon cewa gurbi ya cika, ta rufe ƙofa.

AMFANI NA BIYU: SHEKARA HUƊU TA ZAMA HUƊU

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Disamba na 2013. Ta yi na wata tara a 2020, daga Maris zuwa Disamba, ta kuma yi na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ba a kawo wannan don a zargi malamai ba, domin abubuwan da suke nema, irin su gyaran ɗakunan gwaje-gwaje da cika alkawuran da gwamnati ta sa wa hannu, su ne dai matsalolin da aka ambata a sama. Abin dubawa shi ne lissafin ɗalibi. Wanda ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya zauna a gida wata goma sha bakwai saboda yaji biyu na ƙarshe. Gaskiya ne annobar korona ta rufe dukan makarantu a 2020, amma da yawa daga masu zaman kansu sun ci gaba da darasi ta intanet, suka kuma koma aji da zarar an ba da izini.

Wannan jinkiri yana da farashi. Wanda ya wuce shekara talatin kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa. Bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata. Ga 'ya mace a Arewa abin ya fi tsanani, domin iyaye da dama sukan yarda ta yi karatu bisa sanin ranar gamawa. Idan zaman gida ya yi tsawo sai maganar aure ta taso, sau da yawa kuma karatun ya tsaya daga nan. Har ila yau karatu kansa yana lalacewa da yankewa, kamar ginin da aka bari damina ta doke shi kafin a yi rufi. Jami'ar da ta san ranar buɗewa da ranar rufewa tana ba ɗalibi da iyayensa ikon tsara rayuwarsu.

AMFANI NA UKU: TARBIYYA DA RIƘON AMANA

Inda kowa ya san kowa, hali ba ya ɓuya. Misali mafi kyau a nan shi ne Jami'ar Ashesi ta ƙasar Gana. Wanda ya kafa ta, Patrick Awuah, ya yi karatunsa na farko a Swarthmore, wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Amurka, ya yi aiki a kamfanin Microsoft, sa'an nan ya komo gida ya buɗe Ashesi a 2002 da ɗalibai talatin a wani gidan haya a Accra. A 2008 ɗaliban da kansu suka jefa ƙuri'a suka amince da wata ƙa'ida ta amana: su rubuta jarrabawa ba mai tsaro a ɗakin, kowa ya ɗauki alkawarin ba zai yi maguɗi ba, kuma ba zai rufa wa mai yi asiri ba. Hukumar tantance jami'o'i ta Gana ta yi shakkar abin da farko, daga baya ta ƙyale shi. Irin wannan tsari ba zai yiwu a ɗakin da ke ɗauke da mutum dubu waɗanda ba su san juna ba. Ya yiwu a Ashesi ne domin wanda zai ci amanar ya san fuskokin waɗanda zai ci amanarsu, zai kuma zauna da su gobe a ɗakin cin abinci. Saurayin da ya yi shekara huɗu a haka, in aka damƙa masa baitulmalin ƙaramar hukuma, ya riga ya taɓa sanin yadda ake tsare kai alhali ba mai kallo.

Haka kuma ƙaramar jami'a tana ba kowane ɗalibi fili. Shugabancin ƙungiya, da muhawara, da wasan kwaikwayo, da buga mujallar ɗalibai, duk ayyuka ne da ke koya wa matashi tsayawa gaban jama'a da riƙe kuɗin wasu. A inda ɗalibai suke dubu arba'in, 'yan kaɗan masu baki ke samun waɗannan. A inda suke dubu ɗaya, da wuya mutum ya gama bai riƙe wani abu ba.

AMFANI NA HUƊU: SAURIN ƊAUKAR MATAKI

Jami'ar da ba ta jiran takarda daga ma'aikata kafin ta motsa tana iya amsa buƙatar garin da take ciki da wuri. A 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya kai ga faɗuwar Mubi, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta haɗa kai da shugabannin Musulmi da na Kirista na garin wajen raba abinci, ɗalibanta kuma suna cikin masu aikin. A shekarar ce kuma ta karɓi wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta, ta shirya musu karatun share fage. Ɗalibin da ya auna masara ga wanda ya rasa gidansa ya koyi wani abu game da mulki da tattalin arziki wanda littafi ba zai ba shi ba. Wannan sauri yakan bayyana kuma a wajen gyara manhaja, da sayen kayan aiki, da sallamar malamin da ba ya zuwa aji.

IYAKAR AMFANIN

Ba a yi wa masu sauraro adalci ba idan aka tsaya a nan. Matsala ta farko ita ce kuɗi. Kuɗin shekara ɗaya a wasu daga cikin waɗannan jami'o'i ya fi albashin shekara na matsakaicin ma'aikacin gwamnati. Asusun TETFund ba ya tallafa musu, bashin karatu na gwamnati da aka soma bayarwa a 2024 kuma da ɗaliban makarantun gwamnati ya soma. Saboda haka amfanin da aka lissafa yana zuwa ne ga 'ya'yan masu hali, waɗanda da ma sun fi samun kyakkyawar sakandare. Daɗin daɗawa, ɗalibin da bai zauna da kowa ba sai 'ya'yan masu kuɗi ya yi asarar wani ilmi da babbar jami'a take bayarwa kyauta, watau zama ɗaki ɗaya da ɗan manomi da ɗan wata ƙabila daga ɗaya ƙarshen ƙasa.

Ta biyu ita ce malamai. Kwamitin 2012 ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman jami'o'in gwamnati suke da digirin dokta. Daga wannan ƙaramar rijiya masu zaman kansu suke ɗiba. Da yawa suna dogara ga malaman aro, waɗanda ke zuwa daga jami'ar gwamnati ran Juma'a da yamma, su haɗa laccar mako uku a wuni biyu, su koma. Malamin da ba ya kwana a garin ba zai san ɗalibinsa ba ko da su goma ne a ajin.

Ta uku ita ce ƙarancin fannoni da kayan aiki. Likitanci yana buƙatar asibitin koyarwa, injiniya yana buƙatar manyan injuna, bincike mai zurfi yana buƙatar ɗakin karatu da aka yi shekaru ana tarawa. Wanda yake son nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami ko tarihin Daular Sakkwato zai fi samun malamai da takardu a Zariya da Kano da Sakkwato. Yawancin masu zaman kansu sun karkata ga kwasa-kwasan da ke da kasuwa, ba kasafai suke kula da harsunan gida da tarihi ba.

Ta huɗu ita ce rashin tabbas. Makarantar da ta dogara ga aljihun mutum ɗaya tana iya girgiza ranar da ya rasu ko kasuwarsa ta karye. Kwalejin Storer, inda Azikiwe ya soma karatu a Amurka kafin ya isa Lincoln, an rufe ta a 1955 da tallafin da take samu ya yanke. Ita kanta Lincoln ta shiga ƙarƙashin tallafin gwamnatin jiharta a 1972.

Ta biyar, wadda ta fi duka haɗari, ita ce ɗalibi ya zama abokin ciniki. Inda kuɗin ɗalibi ne albashin malami, kayar da shi a jarrabawa yana buƙatar ƙarfin hali daga malami da kuma goyon baya daga mai makaranta. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a Disamba 2023, lokacin da wani ɗan jarida na Nijeriya ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a Janairu 2024.

ABIN DA YA KAMATA A TAMBAYA

Uban da ya yi niyyar kai ɗansa irin wannan jami'a, kada ƙofar shiga mai ƙyalli da na'urar sanyaya ɗaki su ɗauke masa hankali. Ya tabbatar cewa NUC ta tantance ainihin kwas ɗin da yaron zai yi, ba jami'ar kawai ba, haka ma hukumar sana'ar idan lauya ne ko likita ko injiniya. Ya tambayi yawan ɗaliban da ke ajin shekarar farko na wannan kwas. Ya tambayi malamai nawa ne na dindindin a sashen, nawa ne na aro. Ya nemi wani ɗalibi na shekara ta uku ya nuna masa aikin da malami ya duba, ya ga ko akwai gyara a jiki ko maki ne kawai. Ya bincika ko ana faɗuwa jarrabawa a makarantar, domin inda kowa yake cin nasara ba a auna kowa ba. Sa'an nan ya lissafa kuɗin shekara huɗu gaba ɗaya, da ƙarin da za a yi a tsakani, ya dubi sauran 'ya'yansa, domin cire yaro a shekara ta biyu ya fi rashin kai shi ciwo.

Ga ma'aikatan da ke tsara manufofin ilmi kuwa, darasin ya fi wannan faɗi. Tun da mafi yawan 'ya'yan ƙasa a jami'o'in gwamnati za su ci gaba da karatu, abin da ya wajaba shi ne a mayar musu da wani abu na ƙanƙantar da aka rasa. Ana iya raba manyan azuzuwa zuwa ƙungiyoyin tattaunawa na mutum ashirin ƙarƙashin ɗaliban babban digiri da ake biya. Ana iya ba kowane ɗalibi malami mai ba shi shawara wanda zai gan shi a kowane zango. Ana iya hana sashe ɗaukar fiye da abin da malamansa za su iya riƙewa. Ana kuma iya sharɗanta wa masu zaman kansu su ware gurabe na kyauta ga haziƙan 'ya'yan talakawa, kamar yadda Ashesi take yi da taimakon masu ba da gudummawa.

KAMMALAWA

An ga cewa ƙaramar jami'a mai zaman kanta tana iya ba ɗalibi malamin da ya san shi, da lokacin gamawa tabbatacce, da filin koyon amana da shugabanci. An kuma ga cewa samun waɗannan ya rataya ga amsoshin tambayoyin da aka jero, ba ga sunan makaranta ko yawan kuɗinta ba. Uban da ya sami amsoshi masu gamsarwa, kuma yana da ikon biya ba tare da ya tauye haƙƙin sauran iyalinsa ba, ya yi kyakkyawan zaɓi. Wanda bai da iko kada ya ɗauka an rufe wa ɗansa ƙofa, domin a babbar jami'a ma akwai malamai masu buɗe ofis ga duk ɗalibin da ya ƙwanƙwasa da littafi a hannu, sai dai a can ɗalibin ne zai tashi ya nemi malamin, kamar yadda almajiran da suke yi.